Daga Ruwan Bagaja Zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya: Wa Ke Jan Akalar Labari?

 

Abin da ya jawo rubutun wannan makon wata gardama ce da ta tashi a zamanmu na ƙungiya na ƙarshen watan jiya a Samaru. Wani ɗan uwanmu ya zo da rubutun fim mai dogon zango da yake son ɗorawa a YouTube, kashi 12, kuma ƙagaggen labarin kimiyya ne. Zariya ce a shekarar 2090. Ruwa ya ƙafe, Kubanni ta koma rairayi, wani kamfani ya kafa na'urar da ke tatso ruwa daga iska yana sayarwa lita-lita, sai aka wayi gari an sace zuciyar na'urar. Ya karanta mana kashi biyu na farko, kowa ya yi tsit, don gaskiya ya iya ƙulla zance. Da ya kai aya sai wata 'yar uwa ta ce, "Malam, na ji an yi sata, na ji an bi sawu, na ji an yi harbi. To shi wannan injiniyan naka, in ba a gano na'urar ba, me zai rasa?" Ya ce ai garin ne gaba ɗaya zai mutu da ƙishirwa. Ta ce, "Garin kam na ji. Shi fa?"

Nan zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce labarin kimiyya ai don abin mamaki ake kallonsa, a bar mutum ya nuna na'urarsa. Wasu suka ce in ba a damu da mutumin da ke ciki ba, kashi na uku ma ba wanda zai buɗe. Shi kuwa mai rubutun ya riga ya tara kuɗin hayar kyamara, ya yi magana da 'yan wasa, saura a sa rana. Har aka kira magariba ba a daidaita ba. Shi ya sa muka ga gara mu koma baya mu duba, tunda wannan gardama ta girme mu duka, kuma a garin nan aka fara yin ta da Hausa.

Mu fara daidaita kalmomi. Idan muka ce zubi ne ke jan labari, muna nufin al'amura ne ke faɗo wa tauraro daga waje, shi kuma yana bi: an sace, an kore shi, ya faɗa rijiya, ya fito, ya gamu da dodo. Idan muka ce tauraro ne ke ja, muna nufin halinsa da abin da ransa ke so su ne ke haifar da al'amuran, ta yadda in ka cire shi ka sa wani, labarin ba zai tafi haka ba. Aristotal na Girka, fiye da shekara 2300 da suka wuce, zubi ya fifita a kan hali. Ba a daina yi masa musu ba har yau.

A 1929 Turawa suka kafa Hukumar Fassara a Kano, a 1931 aka dawo da ita Zariya, a 1933 ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. A wannan shekarar East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana lallashin malamai su rubuta ƙagaggun labarai, abin da ya sha wuya a kansa, don a lokacin rubutu na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida, mutumin Wusasa, tare da East ɗin kansa. Wani abu da ya kamata ya hana mu barci: an haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Sa'anninmu ne lokacin da suka yi wannan aiki, wasunmu ma sun girme su.

Ku jera littattafan nan a gabanku za ku ga gardamarmu ta Samaru kwance a ciki.

Ruwan Bagaja tafiya ce. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke mijin mahaifiyarsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, ya yi shekaru yana faɗawa wannan gari yana fita wancan. Kana iya ɗauke wani babi daga tsakiya ka mayar da shi gaba, ba abin da zai rushe. Ganɗoki ma haka: yaƙi da Turawa, hijira gabas, ƙasashen aljannu, nasara bayan nasara, jarumin da ya fita shi ne ya dawo, bai ragu ba bai ƙaru ba, duniyar ce kawai ya tarar ta sauya. Waɗannan su ne gadon tatsuniya da Dare Dubu Da Ɗaya, kuma ba abin rainawa ba ne, su suka koya wa kakanninmu cewa ana iya buɗe littafi don jin daɗi.

Amma ga abin lura. Ku tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a firamare ko sakandare ya lissafo muku garuruwan da Alhaji ya bi, zai yi ta sosa ƙeya. Ku ce masa "Malam Zurƙe", kafin ku rufe baki ya fara dariya. Zurƙe ɗan Muhamman ba shi ne mai neman ruwan ba, ba shi da ma wani babban buri, abin da ke tsakaninsa da Alhaji cuta ce da ramuwa, yau wannan ya shammaci wancan, gobe wancan ya rama. Imam ya gane cewa tafiya zalla tana gundura, sai ya jefa mata mutumin da mai karatu zai riƙa jiran sake ɓullowarsa. Ruwan da aka sa wa littafin sunansa bai zauna a zukatan mutane kamar yadda Zurƙe ya zauna ba. Ko a Magana Jari Ce da ya zo Zariya ya rubuta a 1936, dabarar ke nan: labarai barkatai daga ƙasashe daban-daban, amma duk an rataye su a bakin aku guda mai wayo da surutu.

Jiki Magayi kuwa ta ɗaya gefen ya biyo. Ba dodo a farkonsa, ba sarkin aljannu. Saurayi ne, Abubakar, wani attajiri ya yi amfani da dukiya ya aure masa Zainab. Duk abin da ya biyo baya daga cikin ƙirjin Abubakar ya fito: shi ya ƙi haƙura, shi ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa, yaron nan Kyauta ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Akwai tafiya, akwai sihiri, akwai jini, wato zubi bai yi ƙaranci ba, amma ku cire Abubakar ku sa mai haƙuri a gurbinsa, littafin zai ƙare a shafi na biyar.

Shaihu Umar ya fi ba mu wahala wajen yanke hukunci, kuma a nan za mu faɗi abin da wataƙila wasu malamanmu ba za su so ba. Umar kansa kusan bai zaɓi komai ba a littafin. An sace shi yana yaro, an ɗauke shi an ƙetara sahara da shi, an ba shi ilimi, ya zama shaihi. Rayuwa ce ke ɗaukarsa tana ajiyewa. Wadda ke da buri mai ƙuna ita ce mahaifiyarsa, da ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa bauta saboda haka, ta gan shi a ƙarshe ta cika. A wurinta ne hawayen mai karatu ke zuba. Sunan Umar ne a bango, amma zuciyar littafin tana wajen uwar. Da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, da kuma Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, wannan raɗaɗin rabuwar uwa da ɗa na cikin abin da ya sa labarin ya iya tashi daga takarda ya tsaya da ƙafarsa.

Mu tsallake shekarun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da Kamfanin Gaskiya na 1945 wanda har yau unguwa guda ke amsa sunansa a Zariya, da hukumar NORLA ta shekarun 1950. Mu sauka a 1969.

A shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Masana da yawa na ɗaukarsa a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa. Wani yaro ne, Kilba, ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi suka shiga sararin samaniya. Mu dakata mu jinjina wa mutumin nan. Ana tsakiyar yaƙin basasa, gidajen da ke da talabijin a Arewa ba su taka kara sun karya ba, shi kuwa ya zauna ya ɗora ɗan Bahaushe a kan hanyar taurari, da harshen da har yanzu wasu ke cewa wai ba zai ɗauki kimiyya ba.

Sai dai a karatunmu, ƙashin bayan littafin na Ruwan Bagaja ne. An cire aljani an sa mutumin sama, an cire tsuntsun sihiri an sa abin hawa, amma tafiyar ita ce dai: a je nan a ga abin mamaki, a wuce can a ga wanda ya fi shi. Kilba idanunmu ne a tafiyar, ta wurinsa muke kallo. Ga yaran da aka rubuta wa littafin wannan ya wadatar, don sabon abu ne fil. Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce, me ya sa wannan ƙofa da Dembo ya buɗe ba ta cika da jama'a ba? Littattafan soyayya da na zaman gida da suka ɓarke daga shekarun 1980, irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun haifi ɗaruruwan 'ya'ya. Tauraruwa Mai Wutsiya kuwa 'ya'yansa ana iya ƙirga su da yatsu. Dalilai suna da yawa, akwai na kasuwa, akwai na karatun kimiyya a makarantunmu. Amma muna zargin akwai wannan ma: abin mamaki sau ɗaya yake ba da mamaki, halin mutum kuwa kullum da sabon ɓangaren da ba ka gani ba.

Yanzu ga wani labari da da yawanmu ba su sani ba, kuma ya shafi talabijin kai tsaye. A 1963 BBC ta fara wani shiri na kimiyya mai suna Doctor Who, labarin wani baƙon halitta mai siffar mutum da ke yawo cikin zamani da sarari. A shekarun baya BBC ta goge faya-fayan shirin da dama don ba ta ɗauka za a sake nemansu ba. A watan Oktoba na 2013 aka sanar da cewa wani mai farautar tsofaffin faya-fayai, Philip Morris, ya gano kashi tara da aka fitar da rai da su, a ajiye a ɗakin wata tashar talabijin a Jos. Na labarai biyu ne da aka nuna a Ingila tsakanin 1967 da 1968, The Enemy of the World da The Web of Fear. Wato an sayo shirin an kawo Arewa, ya kwanta a nan kusa da mu shekaru aru-aru, masu shi suna can suna kukan ɓatansa.

Duk wanda ya kalli ɗan guntun waɗannan faya-fayai a intanet zai yi murmushi. Baƙi da fari ne, dodannin mutane ne aka lulluɓe da gashi, ɗakin na'urorin katako ne da fitilu. Yaran da ke haɗa bidiyo da waya a Samaru yau za su iya fin haka. To me ya riƙe shirin har ya haura shekara 60? A 1966 jarumin farko, William Hartnell, ya bar shirin saboda rashin lafiya. Maimakon su rufe, sai marubutan suka ce ai wannan halitta tana iya sauya jiki, Patrick Troughton ya karɓa. Fuska ta sauya, dodanni sun sauya, amma mai kallo ya ci gaba da bin mutum guda: mai son sani, mai tsoma baki a abin da ba ruwansa, wanda ya fi dogara da wayo a kan makami. Star Trek na Amurka ma, da aka yi daga 1966 zuwa 1969, duniyoyin da jirginsu ya sauka ba kowa ke tuna su ba, abin da ya zauna shi ne cacar bakin Spock mai bin lissafi da likita McCoy mai bin zuciya, kyaftin Kirk na tsakiya. Alhaji da Zurƙe ke nan cikin wata riga.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Sabon Gari ta taso ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Zariya wajen 1911, ta tara ƙabilu, ta tara kantuna da gidajen silima. Iyayenmu maza da suka yi zamanin silima za su gaya muku sun yi shekaru suna kallon finafinan Indiya ba su jin ko kalma ɗaya. Zaren labarin sau da yawa cinta suke yi, amma mutanen ciki sun san su sarai, har suna raɗa musu suna. A Kano an san Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Laƙabin hali ne, ba na abin da ya faru a fim ba. Mu kuma da muka taso a zamanin faifan CD, wa ya manta Koi Mil Gaya na 2003? Ku duba da kyau, ƙashin Tauraruwa Mai Wutsiya ne: ɗan Adam ya yi abota da baƙo daga sama. Amma kafin Jadoo ya sauko sai da aka sa muka zauna da Rohit, saurayi mai hankalin yara, muka ga ana yi masa dariya, muka ga abin da mahaifiyarsa ke haɗiyewa. Da baƙon ya zo, mun riga mun san wane rami zai cike.

Talabijin ɗinmu ta Kaduna ma a kan mutane ta ginu. Ba wanda zai iya kawo muku zubin kashi guda na Samanja Mazan Fama daga farko zuwa ƙarshe, amma kowa na iya kwaikwayon yadda marigayi Usman Baba Pategi ke magana da Hausar barikin soja. Haka marigayi Ƙasimu Yero, ɗan Zariya, a Karambana. A nan Samaru kuma, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, mai ɗakin wasan nan na jan ƙasa da aka gina a shekarun 1970 da fasalin gidan Bahaushe, ya fito da wani tsari tun wajen 1980: ɗalibai su shiga unguwannin Samaru su zauna da jama'a, su ji abin da ke damunsu, sannan su gina wasa su dawo su nuna musu. Daga bakin mai sayar da ruwa da mai haya ake ɗauko labarin. Marubucin da ke son rubuta Zariyar 2090 da ba ruwa, ga 'yan ga-ruwa nan suna tura kura a layinsu kowace safiya, bai taɓa tsayar da ɗaya ya tambaye shi nawa yake biya a bakin rijiyar burtsatse ba.

Kada a ɗauka mun yanke wa zubi hukuncin kisa. Muna ganin ɗaya cutar kullum a littattafan da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad: shafi 40 jaruma na gaban madubi tana tunani, an faɗa mana kalar mayafinta da irin turarenta da abin da ta ci, ba abin da ya motsa. Mai shi kuma zai ce ai yana gina tauraro ne. Wannan ba gini ba ne, tallar kaya ce. Hali ba ya bayyana sai an matse mutum ya zaɓa, kuma zubi ne ke matsewar. Da attajirin nan bai ƙwace Zainab ba, da har abada ba mu san abin da ke cikin Abubakar ba. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna mana hanyoyin biyu a allo guda. Daɗin Kowa gari ne da mutanensa, ana kunnawa don a ga me Kamaye da Adama suka tashi da shi yau, kuma irin wannan shiri yana iya yin shekaru, haɗarinsa shi ne ya riƙa zagaye wuri ɗaya. Kwana Casa'in kuwa tun daga sunansa an ɗaura masa agogo, siyasa ce da makirci, kowane kashi na tura na gaba, haɗarinsa kuma shi ne in agogon ya cika sai an nemo wani dalilin ci gaba. Duka biyun sun sami masu kallo.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda a zaurenmu ba a cika son yin ta ba. Labarin kimiyyar da ya dogara da abin mamaki, da kuɗi ake yin sa. Mai kallonmu yana da waya a hannu, ya ga finafinan Amurka da na Indiya da aka kashe wa biliyoyi, wasu ma an fassara masa su da Hausa. In muka ce za mu yi gasar fashewar jirage da su da kuɗin hayar kyamara na kwana goma, dariya za mu sha. Inda ba za su iya da mu ba shi ne sanin yadda dattijon Zazzau zai amsa in na'ura ta gyara masa karatu, ko yadda kishiyoyi biyu za su raba lita biyar ta ruwa a gidan da mijin ya yi tafiya. Wannan ba ya bukatar komai sai ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu da marubucin da ya saurari mutane.

Ɗan uwan namu dai ya ɗaga ranar fara ɗauka da wata guda. Shekaranjiya ya turo mana sabon kashi na ɗaya. Na'urar na nan, satar na nan, harbin ma bai cire ba, ya ce shi fa yana son harbinsa. Abin da ya ƙara shi ne injiniyan yanzu ɗan mai tura kurar ruwa ne a Sabon Gari, na'urar da ya taya kamfanin haɗawa ita ta kashe sana'ar mahaifinsa, shekara uku ke nan ba sa gaisawa. Kashin ya ƙare ne a daren da aka yi satar, injiniyan ya zo wucewa ta ƙofar gidansu, ya ga kurar tsohon da ta daɗe a jingine babu ita a wurin, ga sawun tayarta ɗanye a ƙasa. 'Yar uwar da ta yi tambayar farko ta karanta, ta ce a turo mata kashi na biyu kafin Asabar.